Na dawo daga hutun haihuwa na tarar an ba wani kujerata

Wata 'yar'uwa da ta nemi a sakaya sunanta ce ta aiko da wannan:

"Assalamu alaikum Anti. Shekarata 6 ina aiki a sashen lissafin kuɗi na wani kamfani, kuma a shekara 2 na ƙarshe ni ce ke kula da mutum huɗu. Na tafi hutun haihuwa na wata 3 da izini a rubuce. Ranar da na dawo na tarar da yaron da ni na koya wa aiki zaune a teburina, kayana a cikin kwali, lambar sirrina kuma ta daina buɗe manhajar lissafi. Oga ya kira ni ya ce yanzu hankalina ya rabu biyu, gara in koma tattara rasit har jariri ya yi ƙwari. Ba a taɓa ainihin albashina ba, amma an cire alawus ɗin shugabanci, kuma a tantancewar ƙarshen shekara an ba ni 'matsakaici' bayan shekara 5 ina samun 'mai kyau ƙwarai'. Bara wani abokin aikinmu ya karye a ƙafa, ya yi wata 2 a gida, ya dawo ya tarar da kujerarsa tana jiransa. Idan na fita shayarwa sai in ji ana cewa 'mai jego ta tafi'. Wata 4 ke nan. Mahaifiyata ta ce in yi haƙuri, mijina ya ce in ajiye musu aikinsu, ni kuma wani lokaci ji nake kamar in zazzage komai a Facebook. Tauye haƙƙi ne wannan, ko ni ce na cika ƙorafi? Me zan yi?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya abin da aka samu, ke kuma ya ƙara miki lafiya.

Bari in fara da tambayar da kika ajiye a ƙarshe, don na san ita ce ke hana ki barci. Ba ki cika ƙorafi ba. Abin da kika bayyana wariya ce saboda haihuwa, kuma duniya ta daɗe da sanin ta har ta yi mata doka. Na karanta wasiƙarki sau uku, kowane karo a wurin kwalin nan nake tsayawa. Mace ta yi shekara 6 tana yi wa wuri hidima, ta je ta sha wahalar naƙuda ta dawo, abin da ya tarbe ta shi ne kayanta a gefe, ba wanda ya ga ya dace ya buga mata waya tun tana gida. Dole abin ya yi ciwo.

Sai dai a gaban kwamiti ko alƙali zafin rai ba ya tsayawa a matsayin hujja, don haka ina so ki iya bambance abu biyu da mutane ke yawan cakuɗawa. Akwai oga mai baƙin hali wanda kowa a sashe ke kuka da shi, maza da mata, tsofaffi da sababbi. Wannan mugun hali ne, kuma sau da yawa doka ba ta da abin cewa a kai. Wariya kuwa ita ce a yi miki abin da ba a yi wa tsaranki ba, saboda jinsinki, ko addininki, ko ƙabilarki, ko launin fatarki, ko naƙasa, ko ciki da haihuwa. Masu bin irin wannan koke tambaya uku suke yi. Me aka rasa? Wa aka yi wa daban alhali halin da kuka shiga iri ɗaya ne? Mene ne ya haɗa asarar da dalilin da doka ta hana? Ke kina da amsar duka ukun. Kin rasa muƙami da alawus, an kuma rage miki maki a takardar da za a duba ranar ƙarin girma. Ga abokin aikinki da ya yi jinyar ƙafa ya dawo wurinsa. Ta ukun kuwa ita ce ke ba mafi yawan masu rubuto min wahala, domin shugabanni sun iya ɓoye dalili a bayan kalmomi irin su "sake fasalin sashe" ko "buƙatar aiki". Naki ogan da bakinsa ya faɗa.

Mai yiwuwa ma har cikin zuciyarsa yana ganin taimakon ki ya yi. Na san irinsu, za su ce "ai don ta huta ne". Amma bai tambaye ki ko kina son hutun ba, bai jira ya ga ko aikinki ya ja baya ba, ya yanke miki hukunci tun kafin ki zauna. Ki duba sashen naku: akwai namijin da aka sauke daga muƙami don matarsa ta haihu? Shi ya sa ƙa'idar duniya a kan wannan batu sakamakon abin da aka yi take dubawa, ko da wace niyya aka yi shi.

Ga inda ƙa'idar take, don ki san a kan me kike tsaye. Kundin haƙƙin ɗan Adam da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da shi ranar 10 ga Disamba 1948 ya tanadi, a sashe na 23, cewa kowa na da haƙƙin aiki cikin yanayi na adalci, da albashi daidai a kan aiki daidai ba tare da bambanci ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, da aka kafa a 1919, tun a shekarar da aka kafa ta ta fitar da yarjejeniya a kan kare mata masu haihuwa a wurin aiki. Wato maganar da ogan naki yake ɗauka sabon salo ce ta haura shekara 100. A 1958 ƙungiyar ta fitar da Yarjejeniya ta 111, wadda ta haramta duk wani bambanci ko fifiko a aiki saboda launin fata, jinsi, addini, ra'ayin siyasa ko asali, matuƙar ya tauye wa mutum daidaiton dama, kuma ƙasashe sama da 170 sun amince da ita. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawar da wariya ga mata ta 1979, a sashe na 11, ta buƙaci ƙasashe su hana korar mace saboda ciki ko hutun haihuwa, su kuma tabbatar hutun bai jawo mata asarar aikinta ko matsayinta ba. Wadda ta fi zama kamar don ke aka rubuta ta ita ce Yarjejeniyar ILO ta 183 ta shekarar 2000. Ta ce hutun haihuwa kada ya gaza mako 14. Ta ce idan mace ta gama hutu tana da haƙƙin komawa kujerarta, ko wata daidai da ita mai biya iri ɗaya. Ta ce lokacin da mace ta fita shayarwa a lissafa shi cikin lokacin aiki a biya ta. Kuma idan aka sallami mace a wannan tsakani, mai kamfani ne zai kawo hujjar cewa korar ba ta da alaƙa da ciki ko haihuwa.

Kada dai ki ɗauki waɗannan lambobi ki shiga da su ofishin oga kina tsammanin za su girgiza shi. Yarjejeniyar duniya tana ɗaure ƙasar da ta rattaba mata hannu ne, kuma ta 183 ɗin nan ƙasashen da suka amince da ita ba su da yawa. Abin da zai yi miki aiki kai tsaye shi ne dokar ƙwadago ta ƙasar da kike, da takardar ɗaukarki aiki, da kundin ƙa'idojin ma'aikata na kamfanin. Amfanin sanin na duniyar shi ne dokokin ƙasashe da yawa daga nan aka ɗebo su, kuma tun 1998 ILO ta ayyana cewa kawar da wariya a wurin aiki wajibi ne a kan kowace ƙasa da ke cikinta, ko ta sa hannu a yarjejeniyar ko ba ta sa ba.

To, yanzu ga ainihin shawarata, kuma a nan nake so ki fi ba ni hankalinki. Duk abin da kika faɗa min a baka yake. Kalmar "hankalinki ya rabu biyu" ku biyu ne a ɗaki lokacin da aka furta ta. Gobe idan magana ta yi zafi zai iya cewa bai taɓa faɗa ba, kuma babu mai ƙaryata shi. Kafin ki yanke shawarar tsayawa ko tafiya, aikinki na farko shi ne ki mayar da abin da ya faru rubutu.

Ki sami ƙaramin littafi, ki ajiye shi a gida, ba a aljihun teburin ofis ba, ba kuma a kwamfutar kamfani ba, don ranar da aka rufe miki ita komai ya tafi. Ki zauna ki rubuta tun daga ranar da kika sanar da su kina da ciki: kwanan wata, wa ya ce me, a ina, wa ke wurin. Kalmomin da aka faɗa za ki rubuta kamar yadda aka faɗe su, ba tare da ƙari ko fassarar abin da kike jin ana nufi ba. "Ranar kaza, misalin ƙarfe 10, a ofishinsa, ya ce min kaza, ƙofa a buɗe, sakatariya tana waje." Daga yau kuma duk abin da ya faru ki rubuta shi a daren ranar. Rubutun da aka yi da ɗumi-ɗuminsa ya fi nauyi a wurin masu bincike a kan wanda aka tuno bayan shekara. Ki haɗa takardar amincewa da hutunki, takardun albashi na kafin hutu da na bayansa inda za a ga alawus ɗin ya ɓace, da takardun tantancewa na shekarun nan 5.

Na taɓa zama a wani kwamitin sauraren koke a wurin da na yi aiki. Wata baiwar Allah ta shigo, ba ta da baki sosai, muryarta har rawa take yi. Shugabanta ya yi kusan rabin awa yana bayani mai daɗin ji, har na ga wasu a kwamitin sun fara gyaɗa kai. Da aka ba ta dama sai ta ciro wani littafi da bangonsa ya yi laushi don yawan buɗewa, ta fara karantowa: rana kaza, ƙarfe kaza, ya ce kaza. Tana kaiwa shafi na uku ya daina kallon ta, ya koma kallon hannunsa. Biyu daga cikin ranakun da ta ambata muka duba rajistar shiga ofis muka ga sun yi daidai, daga nan sauran maganarta ta samu gindin zama.

Gargaɗi ɗaya mai muhimmanci, musamman da yake a sashen lissafi kike. Kada ki kwafi takardun albashin wasu, ko bayanan kuɗin kamfani, ko wani abu na sirri, don ki kafa hujja. Na san hannu zai yi ƙaiƙayi, tunda kin san inda komai yake. Amma ranar da aka gano, maganar wariya ta mutu, an koma maganar ma'aikaciyar da ta fitar da sirri, kuma kin miƙa musu dalilin kora mai tsabta da hannunki. Abin da yake naki ne kawai za ki ajiye. Sauran, idan magana ta kai gaban hukuma, akwai hanyar da ake tilasta wa kamfani ya fito da su. Haka naɗar murya a ɓoye: wasu ƙasashe sun yarda, wasu laifi ne, don haka kada ki yi sai lauya ya ce miki babu komai.

Bayan littafi, sai imel zuwa ga ogan, cikin ladabi, gajere. Wani abu kamar haka: "Ranka ya daɗe, yau wata 4 da dawowata daga hutun haihuwa. A ganawarmu ta ranar kaza ka shaida min cewa an mayar da ni tattara rasit ne har jaririna ya yi ƙwari. Ina so in sanar da kai cewa a shirye nake in ci gaba da aikina na da, kuma ina roƙon a sanar da ni ranar da zan koma, da matsayin alawus ɗin da aka dakatar." Ki lura babu zargi a ciki, babu kalmar wariya. Duk amsar da ya bayar ta amfane ki. Idan ya ce "e, ki ƙara haƙuri yaro ya girma", ya sa hannu a kan maganarsa. Idan ya kawo wani dalili daban, ya ɗaure kansa da shi, kuma sai ya nuna takardar da ta goyi bayansa. Idan ya ce aikinki ne ya yi rauni, ina gargaɗin da aka taɓa ba ki a shekara 6? Idan ya yi shiru, shirun ma yana da kwanan wata. Akwai kuma yiwuwar da bai kamata mu raina ba: ya karanta, ya gane ya yi kuskure, ya gyara ba tare da kowa ya ji ba. Wannan ita ce mafita mafi sauƙi, kuma imel mai ladabi yana bar masa ƙofar fita da mutuncinsa.

Ki ba shi mako ɗaya zuwa biyu. In babu abin da ya sauya, sai koke a hukumance zuwa sashen kula da ma'aikata, ta hanyar da kundin kamfanin ya tsara. Ki karanta kundin nan tun daga bango har bango, don sau da yawa kamfani ya yi wa kansa alkawarin da ya fi na doka tsauri, kuma babu hujjar da ta kai ki nuna wa mutum abin da ya rubuta da kansa. Shafi ɗaya ya isa. Ki faɗi muƙamin da kika tafi kina riƙe da shi, abin da kika tarar, abin da aka cire, abin da aka faɗa miki da ranar da aka faɗa. A nan kam sai ki kira abin da sunansa: "Ina ganin an yi min wannan bambanci ne saboda haihuwa." Wannan jimlar tana da amfani, domin a dokoki da yawa kariya daga ramuwar gayya tana farawa ne daga lokacin da ma'aikaci ya fito fili ya ce wariya yake kuka da ita. Sannan ki faɗi abin da kike so. Mutane da yawa suna cika shafi uku da ɓacin rai su manta da wannan. Ke abu uku ne: a mayar da ke muƙaminki ko makamancinsa, a biya ki alawus ɗin da aka riƙe tun daga ranar dawowarki, a sake duba tantancewar bana ta hannun wani wanda ba ogan ba. Ki nemi amsa a rubuce, ki riƙe kwafi mai ɗauke da shaidar an karɓa.

Ki shiga da idonki a buɗe: sashen kula da ma'aikata na kamfani ne, kamfani ke biyan su. Akwai mutanen kirki a cikinsu, amma aikinsu shi ne kare kamfani daga matsala. Abin da za ki yi shi ne ki sa su ga cewa gyara miki ya fi musu sauƙi a kan kare ogan. Idan aka kira ki zama, ki nemi zuwa da wani, wakilin ƙungiyar ƙwadago idan kuna da ita, ko abokiyar aiki da kika yarda da ita. Bayan kowane zama ki aika da gajeren saƙo na abin da aka tattauna da abin da aka yi alkawari. Kuma duk takardar da aka miƙo miki a teburi aka ce "sa hannu kawai", ki ce za ki tafi da ita ki karanta. Wata takardar amincewa ce da sabon muƙamin, wata kuma yafe haƙƙin kai ƙara ce a lulluɓe da 'yan kuɗi.

Ba zan ɓoye miki ba, bayan koke iska takan sauya. Wataƙila a fara ƙirga miki minti biyar na makara, a fara ba ki takardar tuhuma a kan abin da kowa ke yi, waɗanda kuke cin abinci tare su fara ja da baya. Saboda haka a wannan tsakani aikinki ya zama ba shi da makusa, ko da tattara rasit ne. Ki zo a kan lokaci, ki amsa kowace tuhuma a rubuce cikin sanyin murya, ki sa ta a littafi. Yarjejeniyar ILO ta 158 ta 1982 ta lissafa shigar da koke a kan mai aiki cikin abubuwan da ba su isa dalilin kora ba, tare da ciki da hutun haihuwa, kuma dokokin ƙasashe da dama sun mayar da ramuwar gayya laifi mai zaman kansa. Sau da yawa ma ta fi ainihin wariyar sauƙin tabbatarwa, don kwanakin ne ke magana: koke ranar kaza, tuhuma ta farko a shekara 6 bayan kwana goma. Game da shaidu kuma, kada ki ɗora ginin ki a kan abokan aiki. Wadda ta ce miki a ɓoye "wallahi an zalunce ki" tana da nata bakunan da take ciyarwa, kuma ba lallai ta maimaita a gaban kwamiti ba. Kada ki riƙe ta a zuci. Amma ki bincika a hankali ko akwai wata da aka yi wa haka kafin ke, ko da ta bar wurin. Waɗanda suka tafi sun fi sakin baki, kuma mace biyu ko uku masu labari iri ɗaya sun nuna ɗabi'ar wuri ce.

Akwai abin da ya sa ba na so ki ƙara jinkiri, wato wa'adi. Kusan ko'ina doka ta sa iyakar lokacin da za a kai ƙarar wariya, kuma a wasu wurare 'yan watanni ne kacal. Labarin Lilly Ledbetter ya isa misali. Ta yi kusan shekara 20 tana aiki a masana'antar taya ta Goodyear a jihar Alabama ta Amurka. Dab da barin aikinta wani ya ajiye mata takarda ba suna, wadda ta nuna maza masu muƙami irin nata sun fi ta albashi nesa ba kusa ba. Ta kai ƙara, kotun farko ta ba ta gaskiya. Amma a 2007 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta ce ta makara, domin doka kwana 180 ta bayar daga ranar da aka yanke shawarar albashin. Hukuncin ya tayar da ƙura har majalisa ta gyara dokar, kuma ita ce doka ta farko da Barack Obama ya sa wa hannu a Janairun 2009, da sunan matar a jikinta. Ita kanta ba ta samu kuɗin da aka danne mata ba. Ke wata 4 sun riga sun wuce, kuma a wurare da yawa zaman jiran kwamitin cikin gida ba ya tsayar da agogon kotu. Don haka a makon nan, tun kafin ki ji amsar oga, ki ga lauya masanin dokar ƙwadago ki yi masa tambaya biyu: nawa ne wa'adin, kuma daga wace rana ake ƙirgawa? Idan kuɗin lauya ya yi nauyi, akwai ma'aikatar ƙwadago da jami'anta masu duba wuraren aiki da sasanta rikici, akwai hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa a ƙasashe da yawa, wadda ke karɓar koke ba tare da kuɗi ba, akwai ƙungiyoyin lauyoyi mata da ofisoshin taimakon shari'a. Zuwa neman bayani bai zama kin kai ƙara ba, kuma ba sai ofis sun sani ba.

Sai shawarwarin gida. Mahaifiyarki ba ta yi kuskure ba da ta ce haƙuri, don za ki buƙace shi fiye da yadda take zato: haƙurin zama kusa da teburinki kina ganin wani a kai, haƙurin amsa tuhuma ba tare da ɗaga murya ba, haƙurin jiran amsar wasiƙa. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne a fassara haƙuri da yin shiru har wa'adi ya wuce. Ki faɗa mata cewa ba faɗa za ki yi da kowa ba, takarda za ki rubuta cikin ladabi ki nemi abin da yake naki. Ina kyautata zaton za ta sa miki albarka.

Maigidanki kuma kishin ki ne ya sa ya ce ki ajiye aikin, ba ya son ganin kina dawowa gida da jan ido. Ki gode masa, ki roƙe shi ya ba ki lokaci. Idan kika ajiye aiki yau, kin sauƙaƙa musu abin da wataƙila suke fata tun farko, kin tafi ba alawus, ba diyya, da "matsakaici" a takardarki ta ƙarshe. Gaskiya ne wasu dokoki sun san abin da ake kira murabus na dole, wato a ƙuntata wa ma'aikaci har ya tafi da kansa, kuma suna ɗaukar sa kamar kora. Amma tabbatar da shi yana da wuya, kuma abu na farko da za a tambaye ki shi ne ko kin yi koke kafin ki tafi. Wannan bai hana ki fara neman wani aikin a hankali ba. Ki nema ma. Mai wata ƙofa a buɗe ta fi ƙarfin gwiwa a teburin sasanci. Idan kuma kika ga abin ya fara taɓa lafiyarki, barci ya ƙaurace, kuka ba dalili, nono ya ragu, ki ga likita ba tare da ɓata lokaci ba, don watannin bayan haihuwa lokaci ne da damuwa ke saurin kama mace ko babu rikicin ofis. A wannan hali lafiyarki ce gaba da kowace kujera, kuma tafiya ba faɗuwa ba ce.

Facebook kuwa, a'a. Magana zarar bunu ce. Za ki samu masu tausaya miki na kwana biyu, sannan a bar ki da ƙarar ɓata suna, ko kora a kan karya ƙa'idar sirri, da rubutun da duk mai shirin ɗaukar ki aiki nan gaba zai iya gani. Ko a zauren WhatsApp na ma'aikata kada ki yi, hoton allo ba ya wuyar kaiwa ofishin oga.

Masu cewa "mai jego ta tafi", ki sami babbar cikinsu ke da ita ko ke da shi, ki ce cikin natsuwa: "Kalmar nan ba ta yi min daɗi, ina roƙon a daina." Da yawa ba su san tana ciwo ba, za su bari. Wanda ya ci gaba bayan an gaya masa, ya shiga littafi, don maimaita irin wannan bayan an nuna ba a so cin zarafi ne a wurin aiki, abin da ILO ta keɓe wa Yarjejeniya ta 190 a 2019. Yaron da aka ba kujerarki kuma kada ki mayar da shi abokin gaba. Ba shi ya yanke hukuncin ba, kuma idan ya zo da tambayar aiki ki amsa masa, ta imel in da hali. Kowace tambaya da ya yi miki shaida ce cewa har yanzu ke ce kika san aikin.

A daren yau, bayan jariri ya yi barci, ki fara littafin. Gobe ki nemo takardun albashi da kundin ma'aikata, jibi ki tura imel ɗin, kafin mako ya ƙare kuma ki san wa'adin da dokarku ta bayar. Idan amsar ogan ta zo, kada ki mayar da martani a ranar. Ki turo min in gani, mu duba ta tare.